Allurar da Ta Kusa Mai da Nomau Ɓarawo

Sunana Isuhu, amma a Tawa in ba ka ƙara da "Mai Wuta" ba, ba wanda zai nuna maka rumfata. Shekara talatin da ɗoriya ke nan ina kwance ƙarƙashin sitiyarin motocin mutane, ƙafafu a kan kujera, kai a inda direba ke taka birki. Na rubuta wannan ne saboda ku samarin yanzu, masu zuwa da waya a hannu kuna nuna mini bidiyo, kuna cewa aikin wutar mota ai ba wuya: a jona na'ura, ta faɗi ciwon, a canza abin da ta ce. To, motocin da ke kai gero da awaki kasuwannin Adar ba su da ramin da za ku jona na'ura. Da yawansu sun girme ku. Sai dai ka zauna ka lallashe su, kamar budurwar da ta yi fushi ta ƙi faɗin dalili.

Aikin farko da aka ba ni a rumfar Maigida Shaibu, mutumin Damagaram da ya koya mini sana'a, shi ne gurzar kan batir. Wata shida ban taɓa waya ba. Ranar da ya ga na ƙosa, sai ya ɗauko ƙwan fitilar mota, ya liƙa masa waya biyu da dalma, ya miƙo mini ya ce, "Ga idonka. Inda wuta take zai kama, inda ba ta zai yi shiru. Ba ya ƙarya, kai ne za ka yi." Har yau ƙwan gwajin nan shi ne babba a akwatina. Sauran kayan ba su da yawa: turnabis biyu, wato sukudireba, kile, wato sifana, na goma da na sha uku, takardar gurza, da mita da na saya daga baya. A can ƙasa kuma akwai ƙananan littattafan soyayya da fatake ke kawowa daga Kano, waɗanda nake buɗewa in rana ta take kuma aiki ya yi shiru. Maigida ya taɓa kama ni da ɗaya. Bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Tunda labarin tafiya da komowa kake so, ka riƙe wannan. Wuta in ta fita daga batir, dole ta komo gida. Kowa hanyar fitarta yake kallo. Mai sana'a ta komowar yake nema." Hanyar komowar nan ita muke ce wa mas, kuma ta jikin ƙarfen motar take bi.

Abu na biyu da ya koya mini ya shafi tablo, allon nan na gaban direba mai agogon mai da na zafi da na gudu. Ya ce in an kawo maka ciwon tablo, kada ka tambayi me ya lalace. Ka tambayi yaushe yake yi, kuma direba za ka tambaya, ba mai mota ba. Direbobi kuwa iri-iri ne. Na taɓa samun wani ɗan Bambai da allurar zafi ta dame shi da hawa, sai ya manna hoton ɗan kokawa a kanta don ya huta da gani. Kwana tara ya huta, a na goma injin ya ƙone.

Shekarar da ta fi ba mu wuya ita ce wadda iyaka ta rufe, mai ya yi ƙaranci. Esansi, wato fetur, ya koma kamar turare, a kwalba ake auna shi ana kallon ɗigon ƙarshe. Motoci suka kwanta. A layinmu makanikai suka koma dara, ni kuma na koma gyaran tocila da rediyo don kada hannu ya manta. A cikin wannan shekara ce, wata Alhamis da hantsi, Alhaji Arzika na Barmu ya tsayar da motarsa bakin rumfata. Tsohuwar bashe ce fara, irin mai buɗaɗɗen baya da ake rufewa da tamfol. Direbanta Nomau, saurayi siriri mai yawan murmushi, wanda bai cika shekara ba da auren Habsu, ɗiyar ƙanin Alhaji da ta tashi a gidansa. Ranar nan babu murmushi.

"Isuhu," in ji Alhaji, "duba min agogon mai na motag ga. In shi ka ƙarya, ka gaya min. In ba shi ba ne, to na san mai yi."

"Mi ya faru, Alhaji?"

"Tun da mai ya yi wuya nike leƙawa. Kullum da magariba shi tsaya ƙofar gidana, in duba, allura na rabi. Mota ta kwana gidanai. Da hantsi shi zo, in duba, allura ta sauka kusa da ƙasa. Aljanu ka shan esansi?"

Nomau ya ce, "Wallahi Baba, ko ɗigo."

"Yi min shiru. Jiya gaban mutane a tasha na ce mai ɓarawo, kuma ban janye ba. Ran Lahadi in karɓi makullina."

Ku da ba ku yi tuƙi ba, ba za ku gane nauyin maganar nan ba. Direban da ya yi hatsari yakan samu wata motar. Wanda aka ce ya sha mai a irin wannan shekara, daga Tawa har Takanamat ba mai sake ba shi makulli.

Ranar Alhamis ɗin tanki na sauke. A cikinsa akwai ɗan gwangwani mai yawo a kan mai, da hannu siriri da ke goga wata nannaɗaɗɗiyar waya. Shi ke gaya wa allura yawan abin da ya rage. Sau da yawa shi ke hujewa ya nutse, ko wayar ta cinye. Na fiddo shi, na girgiza a kunne, ba mai a ciki. Na ɗaga hannun a hankali ina kallon mita, yana hawa sumul babu tsalle. Na duba tankin ko yana yoyo, na bi tiyo har inji, a bushe. Na mayar da komai.

Ranar Juma'a na kwance tablon gaba ɗaya, na ɗora a kan benci, na ba shi wuta daga batir ɗina. A bayansa akwai wani ɗan ƙarfe kamar akwatin ashana, mai daidaita wutar da allurai ke sha. Na gwada shi, lafiya. Na gwada kowace allura, duk suna tsayawa inda ya kamata. Na mayar, na tada mota, na zura sanda a tanki na auna, allura da sanda suka yi magana ɗaya. Bayan an sauko daga masallaci Alhaji ya biyo, na ce masa, "Alhaji, agogon nan lafiya lau yake."

Ya gyaɗa kai, bai ko dubi Nomau ba, ya shige kasuwa.

Nomau ya zauna a kan wata tsohuwar taya. Can ya ce, "To shi ke nan, Malam Isuhu. Ni kaina na fara zargin ko cikin barci nike tashi in sha. Dama motag ga ta gaji da ni. Kullum magariba sai ta ɗauki zafi, in tsaya in buɗe, ruwa ko motsi bai yi."

"Da magariba? Ba da azahar ba?"

"Da azahar lafiya lau take, ko da kaya har sama."

Wane inji ne zai jure ranar Adar da tsaka, sa'an nan ya yi zafi lokacin da iska ta huce? Allura biyu, kowace na ƙarya a lokaci guda. Kwana biyu ina gwada mota da rana tsaka, alhali ciwonta na magariba ne. Mai mota na tambaya, ban tambayi direba ba. Kuma da bakina na yanke wa mutum hukunci.

Na ce, "Gobe da wane lokaci kake komawa Barmu?"

"Bayan la'asar."

"Ka aje min wuri a gaba."

Ranar Asabar na rufe rumfa, na ɗauki akwatina da guntun waya mai kauri. Na zauna tsakanin Nomau da wata tsohuwa mai ƙwaryar daddawa a cinya, bayan mota cike da mutane da buhunan dusa. Muka bar kwalta muka hau gargada. Ban kalli hanya ba, allurai nake kallo. Ta mai tana ƙasa da rabi da yatsa guda, ta zafi tana tsakiya, ba mai motsi. Rana ta yi ja ta jingina da duwatsu, inuwar motar ta miƙe a gabanmu. Nomau ya kai hannu ya ja maɓallin fitila.

Sai ga su sun tashi tare, a hankali, kamar masoyan da suka yi alkawarin haɗuwa. Ta mai ta haye rabi. Ta zafi ta doshi ja.

"Kashe fitila." Ya kashe. Suka sauko.

"Kunna." Suka hau.

"Kashe."

Tsohuwar ta ce, "Kai ɗan nan, mota munka shiga ko gidan biki?"

Na sa ya tsaya a gefen hanya, inji na aiki, fitilu a kunne. Na ɗaga murfin gaba. Na taɓa igiyar totur, sai na janye hannu, ta yi zafi kamar cokalin shayi. Igiyar totur ba ta da abin haɗi da wuta. Na ɗauko ƙwan gwaji, na dafa waya ɗaya a jikin inji, ɗaya a jikin gidan direba. Ƙarfe da ƙarfe ne na mota guda, bai kamata ya nuna komai ba. Sai ga zaren cikinsa ya yi ja-ja kamar garwashin da toka ta rufe.

Ga abin da ke faruwa. A irin motocin nan batir da inji yake haɗe, shi kuwa gidan direba a kan roba yake zaune. Abin da ke haɗa su shi ne wata igiya ta jan ƙarfe, saƙaƙƙiya, faɗin yatsa biyu, daga bayan inji zuwa bangon gidan. Ita ce hanyar komowar wutar fitilu da ta tablo. In babu ita, wuta sai ta riƙa bin ɓarauniyar hanya, ta igiyar totur, ta igiyar agogon gudu, ta duk inda ƙarfe ya taɓa ƙarfe. Da rana, da wutar ba ta da yawa, hanyar na isa. Da an kunna fitilu sai ta cushe, ɗan akwatin ashanan nan ya rikice ya ƙara wa allurai wuta, su hau. Abin da Alhaji ke gani da hantsi shi ne gaskiya. Na magariba ne ƙarya. Man da yake nema bai taɓa shiga tankin ba.

Na leƙa bayan inji ina tsammanin in ga igiyar ta yi tsatsa ko ta tsinke. Babu ita sam. Ƙusoshinta biyu kuwa suna nan, an mayar an ɗaure tamau. Abin da gargada ta kakkaɓe ba ya mayar da ƙusa.

"Nomau, wa ya taɓa nan?"

Ya leƙo, ya ga inda yatsana yake, sai ya juya yana gyara igiyar tamfol da ba ta kwance ba.

Na ɗaura guntun wayata, allurai suka zauna, muka ƙarasa Barmu. A zauren gidan Nomau na kwana.

Da safe Habsu ta kawo mana kunu. Ta durƙusa ta aje ƙwarya, hasken safiya ya faɗo kan hannunta, sai wani abu ya yi walƙiya. Munduwa ce ja, saƙar ta kamar kitson amarya, an rufe bakunanta biyu da farin ƙarfe mai zane. Na ga mundaye a rayuwata, na karanta na zinariya da na azurfa a littattafai, amma ban taɓa ganin wadda ta zauna wa hannu kamar wannan ba. Kuma na san saƙar. Shekara talatin ina gurzar irinta.

Na ce, "Habsu, wa ya yi miki munduwag ga?"

Ta rufe fuska da gefen mayafi tana dariya. "Maigidan ya kawo min, satin da anka kawo ni. Wani maƙerin Buzaye na Takanamat ya yi ta. Har Baba ya yaba."

Da ta shige ciki, Nomau ya aje ludayi.

"Malam Isuhu, ban da komi lokacin. Biki ya cinye ni. Ina wankin inji na gan ta tana lilo, duk ta yi kore. Na kankare da farce, na ga ja. Na tambayi wani makanike, ya ce ai irin kayan ƙasar sanyi ne, kamar abin tare ruwan injin nan da muke cirewa mu yar. Na kwance, na tada mota, ta tashi. Na kunna fitila, ta kama. Na ce ashe ado ne. To in ado ne, wa ya fi cancanta, inji ko Habsu?"

Na ɗauki ludayi na ci gaba da shan kununa.

Ya matso. "Ka bar wayag ga taka a wurin. Ka ce ma Baba tsatsa ce ta cinye."

"A'a. Shekaranjiya na gaya mai abin da ba daidai ba bisa kuskure, yau ba ni ƙara mai wani da gangan. Zan nuna mai abin da babu, in nuna mai ba ka sha mai ba. Wanda ya cire, ba ni za ni faɗi ba. Bakina na mota ne. Naka na wurinka."

"In ya kore ni fa?"

"Ya kore ka kan abin da ka yi, ya fi ya kore ka kan abin da ba ka yi ba."

Da hantsi muka biya ƙofar Alhaji. Na roƙe shi abu ɗaya, kada a yi maganar sai a tasha, tunda a can aka fara ta. Ya dube ni ya ce to. Habsu ma ta hau baya cikin mata, ta ce kasuwa za ta.

Tashar Tawa ranar Lahadi ba sai na gaya muku ba. Kafin in buɗe akwati direbobi sun kewaye mu. Wani ya ce, "Yau Mai Wuta zai kama aljanin esansi." Wani ya ce, "A ba shi littafinai shi karanta mai, ko ya fito." Na cire wayata. Na zura sanda a tanki, na nuna wa kowa inda mai ya jiƙa. Na sa Alhaji da kansa ya zauna a kujerar direba.

"Alhaji, mi allura ta ce?"

"Ƙasa da rabi sosai."

"Ja maɓallin fitila."

Ya ja. Ya ƙura ido. Allura ta hau tana hawa har ta taɓa rabi.

"La ilaha illallahu. Wa ya ƙara mai?"

"Wanda ke sha da dare, shi ne ya ƙara yanzu," in ji wani direba, aka fashe da dariya.

Na sake zura sanda, mai na inda yake. Na ɗaura wayata, na ce ya kunna ya kashe sau uku. Allura ko gezau. Sa'an nan na kai shi bayan inji na nuna masa ƙusoshi biyu, na gaya masa abin da ya kamata a ce yana tsakaninsu.

Alhaji ba yaro ba ne. Ya taɓa ƙusar da yatsa, ya ji ta ɗaure. "Wagga ba faɗuwa ta yi ba. Isuhu, wa ya cire?"

Na sunkuya ina naɗe wayar ƙwan gwaji.

"Ni ne, Baba," in ji Nomau.

"Ka sayar?"

"A'a."

"To tana ina?"

Sai ga Habsu ta ratso cikin maza, abin da ban taɓa ganin ta yi ba. Ashe daga bayan zana ta ji duk abin da muka faɗa da safe. Ta zare munduwar, ta durƙusa, ta miƙa da hannu biyu.

"Baba, ga kayanka."

Alhaji ya karɓa ya juya ta a tafin hannu. Ya dubi saƙar, ya dubi inji, ya sake duban saƙar. Ni dai na riga na shirya jin an ce a kawo makulli.

"Wata bakwai," ya ce a hankali, "ina ganin abin ga a hannunki. Har na ce ma uwarki yaron ga ya san ado. Ashe motata nike yabo."

Dariyar da aka yi, har masu lodin wata motar suka baro kaya. Shi bai yi ba. Ya ɗaga hannu aka yi shiru, ya ɗaga murya yadda na ƙarshen tasha zai ji.

"Jama'a, nan na ce ma Nomau ɓarawon mai. Nan nike janyewa. Bai sha min ko ɗigo ba, ni na zalunce shi. Wauta ya yi, kuma wauta ba ta hana tuƙi, in ba haka ba da rabinku na gida." Ya juyo gare ni. "Ana iya maida ta?"

"An yanke ta, Alhaji, ta gajarce."

"To sa wata." Ya miƙa wa Habsu munduwar. "Ke, maida abinki, tashi." Sa'an nan ya zare makulli daga jikin mota, ya riƙe shi sama da tafin Nomau, bai saki ba tukuna. "Kai kuma, in salla ta matso kana son yi mata ƴan kunne, ka zo ka gaya min kafin ka kwance min birki."

Ya saki makullin.

Da yamma a rumfa na zazzage buhun tsofaffin wayoyi. Akwai saƙaƙƙiya guda mai kyau, ja, kusan sabuwa, na ture ta gefe. Na zaɓi guntun kebur na masu walda, baƙi, mai kauri, duk ya sha ƙuna, na matse masa kunnuwa biyu na ɗaure. Nomau ya leƙo ya yamutsa fuska.

"Malam Isuhu, ba ka da wadda ta fi wagga kyau?"

Na ce, "Ina da ita. Miƙo min kile na sha uku."